Neman Gurbi a Makarantar Dizayin Mai Hidima ga Al'umma: Tambayoyi da Amsoshi

Duk shekara idan kaka ta kama, lokacin da makarantun Turai da Amurka ke buɗe ƙofar neman gurbin digiri na biyu, sai saƙonnin ƙanne da tsofaffin ɗalibai su fara shigo mini. Tambayoyin kusan iri ɗaya ne, shi ya sa na tattara su wuri guda. Abin da ya fi ci mini rai a cikinsu shi ne yadda matasanmu ke raina aikin da suka riga suka yi a unguwa da asibiti da gona, suna tsammanin zane mai ƙyalli ake nema a wurinsu. Saboda haka na fi daɗewa a kan kundin ayyuka da batun kuɗi.

Wai mene ne dizayin don amfanin al'umma? Ba zanen tambari da fosta ba ne?

Tambari da fosta reshe ɗaya ne kawai. Dizayin ya ƙunshi tsara duk abin da ɗan Adam zai yi amfani da shi: kujera, manhajar waya, katin asibiti, har da yadda ake bin layi a wurin karɓar magani. Wannan fanni kuwa ya keɓanta ga matsalolin da ke damun jama'a, irin su ruwa, lafiya, ilimi, muhalli da abinci, kuma sharaɗinsa shi ne a yi aikin tare da masu matsalar.

Misalin da na fi so daga gida yake. Marigayi Mohammed Bah Abba, malamin makaranta a Jigawa wanda ya fito daga gidan maginan tukwane, ya lura yadda kayan lambu ke ruɓewa a ƙauyukan da babu wuta. Ya sa ƙaramar tukunya a cikin babba, ya cika tsakaninsu da jiƙaƙƙen yashi, ya rufe da ɗanyen tsumma. Ruwan yana tsanewa, cikin tukunyar yana sanyi. Dabarar randa ce da kowace tsohuwa ta sani. Abin da ya ƙara shi ne tsarin: ya sa maginan gari su riƙa yi, ya sa farashin da talaka zai iya, ya sa aka shirya wasan kwaikwayo ana haskawa a ƙauyuka da janareta don mutane su gani da idonsu. A shekarar 2000 ya samu lambar yabo ta Rolex. Tukunyar, da farashin, da majigin, duk dizayin ne.

Waɗanne makarantu ne ke koyar da shi?

A Amurka, School of Visual Arts da ke birnin New York ta buɗe kwas ɗin shekara biyu a kan wannan fanni a 2012, ƙarƙashin Cheryl Heller. MICA da ke Baltimore ta fara nata na shekara ɗaya a 2011. Parsons, ita ma a New York, tana da kwas mai haɗa fannoni da dama. A Turai akwai Design Academy Eindhoven a Holan, da Politecnico di Milano a Italiya inda Farfesa Ezio Manzini ya assasa DESIS, gamayyar makarantun dizayin masu aiki a wannan fanni, da Jami'ar Aalto a Finlan, da Royal College of Art a Landan, da jami'ar fasahar zane ta Angewandte a Biyana.

Hattara da abu biyu. Irin waɗannan kwasa-kwasai ƙanana ne, ana buɗewa ana rufewa ana canja suna, don haka ka shiga shafin makarantar da kanka ka tabbatar suna ɗaukar ɗalibai a bana. Sannan ba kowace makaranta ce ke ba da digiri ba. Austin Center for Design, wadda Jon Kolko ya kafa a Texas a 2010, ta yi suna ƙwarai, amma ba digiri aka gina ta a kai ba. Tambayarka ta farko ga kowace makaranta ita ce: shin kuna da izinin ba ɗan ƙasar waje takardar neman bizar karatu?

Na ji ana yawan ambaton d.school ta Stanford. Yaya ake shiga?

Cibiyar koyar da dizayin ce a cikin jami'ar, kuma ba a nemanta kai tsaye don samun digiri. Sai ka samu gurbi a wani sashe na Jami'ar Stanford tukuna, sannan ka nemi shiga azuzuwanta. Daga wani aji nata ne aka samu Embrace, ɗan bargon ɗumama bakwaini. An ba ɗaliban aikin ƙera kwalbar jarirai mai araha. Da ɗaya daga cikinsu ya je Nepal, sai ya tarar akasarin jariran da ke mutuwa a ƙauye ake haihuwarsu, ba sa ma isowa asibitin da kwalbar take. Sai suka watsar da tunanin farko, suka yi abin da uwa za ta iya amfani da shi inda wuta ba ta tsayawa. Ka riƙe wannan labari, domin irin wannan juyawar tunani ce masu tantancewa ke nema a takardunka.

Ban karanci zane ba, aikin jinya na karanta. Za su saurare ni?

Ƙwarai kuwa, ƙanwata. Yawancin waɗannan kwasa-kwasai da gangan suke haɗa aji da mutane daban-daban: injiniya, malamin makaranta, ɗan jarida, ma'aikaciyar lafiya. Wadda ta yi shekara uku tana karɓar haihuwa ta san abin da mai iya kwamfuta bai sani ba. Mariam Issoufou, 'yar Nijar, kimiyyar kwamfuta ta fara karantawa, ta yi shekaru tana rubuta manhaja kafin ta koma karatun zanen gine-gine a Jami'ar Washington. A 2014 ta buɗe ofishinta a Yamai ta sa masa suna Masomi.

Sai dai makarantu sun bambanta. Wasu, musamman jami'o'in fasaha na Turai, suna duba ko digirinki na farko ya ƙunshi wasu darussan dizayin. Ki karanta sharuɗɗan da kyau, in abu ya shige miki duhu ki aika musu imel. Suna amsawa.

Ina da HND, ko kuma sakamakona bai yi ƙarfi ba fa?

A makarantun zane kundin ayyuka yakan rinjayi maki, amma akwai ƙa'idar da ba a tsallakewa. Wasu jami'o'in Ingila na karɓar HND mai kyau idan an haɗa da shekarun aiki ko difloma ta gaba da digiri, wasu ba sa karɓa sam. A Amurka sau da yawa za a ce ka kai takardunka wata hukuma kamar WES ta auna su. Ka tambaya kafin ka biya kuɗin fom.

Me ake nufi da kundin ayyuka, kuma me zan sa a ciki?

Shi ne fotfoliyo: shafuka goma sha biyar zuwa ashirin, ko yadda makarantar ta ƙayyade, masu nuna ayyuka uku zuwa biyar da ka yi. Yawanci PDF ake ɗorawa, wasu makarantun Amurka kuma ta shafin intanet na SlideRoom suke karɓa. A nan mafi yawan masu nema ke faɗuwa, domin sukan jera kyawawan hotunan abin da aka gama, ba tare da nuna hanyar da aka bi ba. Mai tantancewa yana son ya ga wa ka zauna da shi, me ya faɗa maka wanda ba ka zata ba, me ka fara gwadawa, ina ya karye, me ka canja.

Bari in ba da misalin wani kundi da na taya wata baiwar Allah gyarawa. Tana aiki a ƙaramin asibitin wani gari, ta lura iyaye mata na kawo jarirai rigakafin mako shida, amma da yawa ba sa dawowa na mako goma da na sha huɗu. Da ta fara turo mini kundin, shafi uku ne na wata fosta mai launi da ta biya aka yi mata a shagon kwamfuta. Na ce mata, "To ita fostar, wa ya ce yana buƙatarta?" Sai ta yi dariya ta ce ai ba ta yi aiki ba, amma akwai wani abu da ta yi wanda ba ta ɗauka ya isa a nuna wa Turawa ba.

Ashe ta fara da tura saƙon tes don tunatarwa, sai ta gano lambar da ke kan kati ta maigida ce, shi kuma yana can ci-rani. Daga nan ta riƙa zama da matan a kan benci tana tambayarsu yadda suke ƙirga kwanaki. Wata ta ce mata, "Malama, ni wannan rubutun naku ban san kansa ba. Ki ce mini kasuwa nawa." Tsakanin allura da allura mako huɗu ne, wato kasuwa huɗu. Sai ta fara zana da'ira huɗu da biro a bayan katin, ta ce duk ranar kasuwa a soke ɗaya da tsinke, in sun ƙare a taho. Ta kuma sanar da ungozomar kowace unguwa.

Muka cire fostar zuwa kusurwar shafi guda, a matsayin gwajin da bai ci ba. Muka sa hoton katin nan da ya sha maiƙo, gefensa ya tattare, da hujoji uku a jikin da'irorin. Muka sa shafin littafinta inda ta rubuta maganar matar nan da Hausa, da fassara a ƙasa. Wannan shafi shi suka fi tsayawa a kai ranar ganawa.

Ƙa'idojin aiki kaɗan: kowane aiki ka faɗi rawar da kai ka taka da wadda abokan aiki suka taka. Rubutu ya zama gajere, domin mai dubawa yana da kundaye da yawa a gabansa. Ka ɗauki hoto da rana, a inuwa, ka goge gilashin wayar. Zanen hannu a takarda, ko da karkatacce ne, ka sa shi.

Ban taɓa aiki da wata ƙungiya mai zaman kanta ba. Ke nan ba ni da abin nunawa?

Ka sake dubawa. Ka taɓa tsara yadda ake karɓar kuɗin gyaran famfon unguwa? Ka gyara jadawalin Islamiyya don yaran da ke tallar safe su samu zuwa? Ke kuma, kin taɓa fito da hanyar rubuta adashi da matan da ba su yi boko ba za su gane? Aikin ci gaban al'umma da ka yi lokacin bautar ƙasa fa? Duk waɗannan ayyuka ne, in an rubuta su da gaskiya.

In kuwa da gaske babu, to kana da wata shida. Zaɓi matsala ƙarama da ke kusa da kai, wadda za ka iya zuwa wurinta da ƙafa. Kada ka ce za ka magance talaucin Arewa. Ka ce masu sayar da tumatir a layi kaza suna zubar da kwando nawa a mako. Ka zauna da mutum goma, ka yi shiru ka saurara, ka rubuta. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Ka ƙera samfurin gwaji da kwali ko langa-langa, ka ba su su yi mako guda da shi, ka koma ka ji ƙorafi.

In nuna aikin da ya gaza?

Ka nuna, muddin za ka iya bayyana dalilin gazawar. Malaman wannan fanni sun ƙoshi da labarin ayyukan da aka yi wa tafi a taro suka mutu a ƙauye. Akwai PlayPump, wani lilo mai juyawa da aka haɗa da famfo a kudancin Afirka, wai yara na wasa ruwa na hawa tanki. A 2006 aka yi masa alkawarin miliyoyin daloli. Daga baya aka ga yara ba sa wasa tsawon awannin da ake buƙata, sai mata, har da tsofaffi, suka koma tura lilon da hannu. In ya lalace kuma gyaransa ya fi ƙarfin makanikin gari, alhali a wasu wuraren famfon tuƙa-tuƙa mai aiki aka cire aka kafa shi. Ɗalibin da ya riga ya ɗanɗani irin wannan a ƙaramin aikinsa, ya kuma gane inda ya yi kuskure, ya rage wa malamansa rabin wahala.

Zan iya sa hotunan mutanen da na yi aiki da su?

Da izininsu, kuma bayan sun fahimci inda hoton zai je. Yara sai da yardar iyaye. Mara lafiya a kan gado, mace a cikin gidanta, almajiri da kwano: ka tambayi kanka, in da mahaifiyarka ce ko ƙaninka, za ka so baƙi su gan su haka? Sau da yawa hoton hannu yana riƙe da abin, ko hoton wurin ba fuska, ya wadatar. Ka canja sunaye. Wannan batu yana da nauyi a wurina, domin na ga kundaye da aka mai da talaucin maƙwabta ado, kuma masu tantancewa ma suna ganewa.

Takardar bayanin manufa fa, me zan rubuta?

Yawanci kalma 500 zuwa 1,000 ake so. Tana amsa tambaya uku: me ya kawo ka nan, me ya sa wannan makaranta musamman, me za ka yi da ilimin. Ka fara da abu guda da ya faru a gabanka, da wuri da lokaci. Kada ka ɓata sakin layi kana gaya musu Afirka na fama da matsaloli, sun sani. Ka ambaci wani darasi ko ɗakin bincike ko malami na makarantar wanda aikinsa ya haɗu da naka, don su san ba takarda ɗaya ka raba wa makarantu goma ba.

Mu Hausawa an tarbiyyantar da mu da kunya da kawaici, yabon kai jahilci ne a wurinmu. Wannan yakan sa mu rubuta "mun yi" a inda ya kamata mu ce "na yi". Faɗin abin da ka aikata ba fahariya ba ce, shaida ce kake bayarwa. A gefe guda kuma, kada ka ƙirƙiri maraici ko yunwar da ba ka yi ba don a tausaya maka.

Batun sa manhajar ƙirƙirarriyar basira ta rubuta maka: takardar za ta fito sumul, amma babu kai a ciki, kuma ranar ganawa za a tambaye ka abin da ba ka san an rubuta ba. Ga shawarata: ka fara faɗin labarin da Hausa a waya, kamar kana gaya wa yayanka, ka naɗa. Sannan ka zauna ka rubuta shi da Turancinka. A ƙarshe ka ba wanda ya fi ka Turanci ya gyara nahawu kawai.

Su wa zan roƙa su rubuta mini takardar shaida?

Mutum biyu ko uku da suka ga aikinka da idonsu: malamin da ya duba furojet ɗinka, da shugabanka a wurin aiki. Takardar babban mutum da bai san ka ba, layi huɗu da hatimi, ba ta da amfani a nan. Makarantar ce za ta aika musu imel su ɗora da kansu, don haka ka tabbatar suna duba imel ɗin. Ka je ka gaishe su wata biyu kafin ranar rufewa, ka bar musu kundinka da takardar manufarka.

Dole sai na yi jarrabawar Turanci?

Akasari ana neman IELTS, galibi maki 6.5, ko TOEFL, wasu kuma suna karɓar Duolingo wadda ta fi araha kuma a gida ake yi. Sakamakon IELTS da TOEFL shekara biyu yake aiki. Jami'o'in Ingila da dama na karɓar kiredit ɗin Turanci na WAEC daga 'yan Najeriya da Gana. 'Yan'uwanmu na Nijar da Chadi da suka yi karatu da Faransanci za su buƙaci jarrabawar, da kuma fassarar takardunsu daga mai fassara da hukuma ta amince da shi. Su kuma suna da ƙofar makarantun Faransa ta hanyar Campus France, hukumar gwamnatin Faransa mai kula da ɗalibai baƙi.

Yaushe zan fara shiri?

Shekara guda kafin tafiya. Makarantun Amurka yawanci a Janairu suke rufe zagayen farko, kuma a wannan zagaye ake raba mafi yawan tallafi. Na Turai suna kamawa daga Disamba zuwa bazara. Chevening kuwa, tallafin karatu na gwamnatin Birtaniya, tun wajen Agusta ko Satumba take buɗewa, ta rufe kafin ƙarshen shekara.

Abin da ya fi cin lokaci shi ne tiransikirif. Ni kaina sai da na yi zuwa huɗu jami'ar da na gama. Zuwan farko aka ce mai sa hannu ya yi tafiya, na biyu aka ce fayil ɗin sakamakon aji biyu bai iso daga sashe ba, na uku aka shiga yajin aiki. Na tsaya a barandar ofishin nan da rasit a hannu ina ƙirga kwanakin da suka rage, na san shekarar ta wuce ni. Ba a fafe gora ranar tafiya: ka nemi tiransikirif da fasfo tun kafin ka zaɓi makaranta.

Yaya ganawar take?

Ta bidiyo ce, minti ashirin zuwa talatin, da malami ɗaya ko biyu. Za su ce ka bi da su cikin aiki guda. Za su tambayi yadda kake yi idan kun saɓa da abokin aiki, domin kusan duk karatun a rukuni ake yinsa. Wasu makarantun sukan ba da ɗan aikin gida na 'yan kwanaki. Ka tanadi layin waya biyu, ka cika caji, ka zauna fuskarka na kallon taga. In intanet ya yanke ka sake shiga ka ba da haƙuri a taƙaice ka ci gaba, ba a kayar da mutum don wannan. In ba ka ji tambaya ba ka ce a maimaita. Ka riƙe taka tambayar: da waɗanne al'ummomi ɗalibai ke aiki, kuma me ke faruwa da aikin bayan ɗaliban sun gama sun tafi?

Nawa ne kuɗin, kuma ina ake samun tallafi?

A nan gizo ke saƙa. Makarantun zane masu zaman kansu a New York sun haura dala 40,000 a shekara, ban da haya da abinci. Royal College of Art ta haura fam 30,000 ga ɗan ƙasar waje. Tallafin da irin waɗannan makarantu ke bayarwa yawanci ragi ne, ba ya ɗauke duka. Jami'o'in gwamnati na Italiya da Ostiriya da Jamus sun fi sauƙi nesa ba kusa ba: a Politecnico di Milano kuɗin shekara kusan yuro 4,000 ne, kuma akwai tallafin yanki ga masu ƙaramin ƙarfi. Finlan ta fara karɓar kuɗi daga waɗanda ba 'yan Tarayyar Turai ba a 2017, amma jami'o'inta na da sikolashif. Jamus kuma, ko da karatun kusan kyauta ne, sai ka nuna sama da yuro 11,000 na shekara guda a wani rufaffen asusu kafin a ba ka biza.

Tallafin da ke ɗauke komai: Chevening, don digiri na biyu na shekara ɗaya a Birtaniya, tana neman aikin shekara biyu, wato awa 2,800, da alkawarin komawa gida na aƙalla shekara biyu. Akwai Commonwealth, da DAAD ta Jamus, da Erasmus Mundus, da shirin gidauniyar Mastercard a jami'o'in da take hulɗa da su. Neman gurbi daban, neman tallafi daban, kowanne da ranar rufewarsa, kuma tare ake tafiyar da su.

Ra'ayina, ban ɓoye ba: kada a sayar da gonar gado ko gidan da iyali ke ciki saboda wannan digiri. Albashin fannin, musamman ga wanda zai dawo gida, ba ya biyan bashin dala cikin sauƙi. Haka kuma duk ejan da ya ce ka ba shi kuɗi ya samo maka sikolashif, ka rabu da shi. Neman waɗannan tallafi kyauta ne.

Biza fa? Zan iya tafiya da iyalina?

Amurka takan ba da takardar I-20 bayan ka nuna kuɗin shekara guda, sannan ka biya dala 350 na SEVIS, wato rajistar ɗalibai baƙi, ka nemi bizar F-1. Sai dai a 2025 gwamnatin Amurka ta sa takunkumin shiga ga 'yan wasu ƙasashe, Chadi da Sudan na ciki tun watan Yuni, a ƙarshen shekarar kuma aka faɗaɗa shi ya shafi Nijar da Najeriya. Ka duba halin da ake ciki a shafin ofishin jakadanci kafin ka kashe ko sisi a kan makarantar Amurka. Birtaniya tana neman lambar CAS, wato shaidar an ba ka gurbi, daga makaranta, da gwajin tarin fuka, da kuɗin inshorar lafiya. Tun Janairun 2024 ɗalibin digiri na biyu na aji ba ya tafiya da mata ko miji ko 'ya'ya, sai mai digirin bincike ko wanda gwamnati ta ɗauki nauyinsa. Mai aure ya zauna da iyalinsa a yi wannan magana tun kafin a cike fom.

Dole ne sai na fita waje?

A'a. Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya tana da sashen dizayin na masana'antu mai daɗaɗɗen tarihi, da ɓangarorin tukwane da gilashi da saƙa da zanen bugawa, haka ma ATBU ta Bauchi. Jami'ar Cape Town tana da d-school Afrika mai gajerun kwasa-kwasai. A Kigali, CcHUB, cibiyar ƙirƙire-ƙirƙire ta Legas, ta buɗe ɗakin dizayin a 2019. Ƙungiyoyin IDEO.org da Acumen sun daɗe suna ba da darussan wannan hanya ta intanet. Abin da waje ke ƙara maka shi ne lokaci na zama ka yi tunani, da abokan aji daga ƙasashe da yawa, da ƙofofin da sunan makaranta ke buɗewa. Abin da yake rage maka shi ne kusanci da mutanen da kake son yi wa aiki.

Wanda ya samu hali ya je Dandaji a jihar Tawa ta Nijar ya ga ginin Hikma da aka kammala a 2018. Mariam Issoufou da Yasaman Esmaili sun tarar ana shirin rabuwa da tsohon masallacin ƙasa na garin, sai suka mai da shi ɗakin karatu, suka gina sabon masallaci a gefensa da bulon jar ƙasa, tare da maginan yankin. Ilimin waje da hannun gida ne suka haɗu a fili ɗaya.

Baba ya ce wane aiki zan samu da wannan karatu. Me zan ce masa?

Ka ce masa, "Baba, karatun gyara yadda ake yi wa jama'a hidima ne: asibiti, banki, ofishin gwamnati." Masu wannan ilimi suna aiki a hukumomin lafiya da na agaji, da kamfanonin manhajar kuɗi da na wutar sola, da sassan gwamnati masu sabunta ayyuka, wasu suna koyarwa, wasu suna kafa nasu. Ka gaya masa gaskiya kuma cewa a nan gida ba kasafai ake tallar aiki da wannan suna ba. Sau da yawa za a ɗauke ka a matsayin jami'in shiri ko mai bincike, kai ne za ka shigar da hanyar aikin.

An ba ni gurbi amma babu kuɗi. Ko kuma an ƙi ni gaba ɗaya. Sai yaya?

In an ba ka gurbi, ka rubuta wa shugaban kwas ɗin cikin ladabi, ka faɗi adadin da kake da shi da giɓin da ya rage, ka tambaya ko akwai ƙarin ragi ko aikin taimaka wa malami. Ka tambaya ko za su ajiye maka gurbin zuwa baɗi. Wasu suna yarda, wasu za su ce ka sake nema, wasu kuma sai ka biya kafin alƙalami. Takardar gurbin kanta tana ƙarfafa neman tallafinka na gaba, don haka ka adana ta.

In an ƙi ka, ka bari mako biyu su wuce, sannan ka aika gajeren saƙo kana tambayar wane ɓangare na kundinka ya fi rauni. Ba duka ke amsawa ba, amma ƙananan kwasa-kwasai sukan amsa. Baiwar Allahn nan mai katin rigakafi a karo na biyu aka ɗauke ta. A shekarar da ke tsakani ta kai da'irorin nan wasu asibitoci biyu na maƙwabta, a ɗaya daga ciki abin bai yi aiki ba saboda matan garin kasuwa biyu suke ci a mako, sai ta ƙara shafi guda a kundin tana bayanin yadda ta koma ƙirga Juma'a.